Bitwarden da lambobin ko-ta-kwana: ya yi, amma ba komai ake zuba masa ba

Tun da mutane suka fara kunna tsaron nan mai mataki biyu a Facebook da Instagram da Gmail kuka ya canza salo, da can abin da za ka ji shi ne an yi min hakin, yanzu kuwa sai ka ji mutum yana cewa ni da akawun ɗina an hana ni shiga. Ina da ɗan shagon kwamfuta a nan Jos ta wajen Bauchi Road, fotokwafi, firintin, cike fom ɗin makaranta da makamantansu, to irin wannan kukan ba ya yanke mana, shi ya sa na ce bari in faɗi ra'ayina a kan Bitwarden, wata manhajar ajiye faswod. Ba duka aikinsa zan taɓo ba, abu ɗaya ne ya dame ni, wato ajiye lambobin ko-ta-kwanan nan da ake ba ka ranar da ka kunna tsaron. In tauraro ake bayarwa na ba shi huɗu cikin biyar, ina amfani da shi kuma ina saka wa mutane, amma akwai wasu lambobi da ko an haɗa ni da kuɗi ba zan bar su a cikinsa su kaɗai ba, zan zo kansu.

Ga wanda bai gane lambobin da nake nufi ba. In ka kunna tsaro mai mataki biyu, bayan faswod sai an nemi wata lamba, ko dai a turo maka ta tes, ko ka duba ta a manhaja irin su Google Authenticator mai fitar da lamba shida tana canzawa duk bayan daƙiƙa 30. To kamfanonin sun san waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta, sai suke ba ka wasu lambobi daban ka adana saboda irin wannan ranar. Google guda 10 suke bayarwa, kowace ɗaya lamba takwas ce, Facebook ma 10, Instagram 5, GitHub na masu harkar kodin 16, X kuma ƙwaya ɗaya tal. Microsoft nasu dogo ne guda ɗaya mai harafi 25, na Apple 28. Waɗannan na su Google ɗin kowace sau ɗaya take aiki, kana amfani da ita ta mutu, kuma ranar da ka danna a ba ka sababbi to tsofaffin gaba ɗaya sun tashi aiki ko da ba ka taɓa ko ɗaya ba. Ba sa buƙatar sim, ba sa buƙatar tsohuwar wayarka, faswod ɗinka da lamba ɗaya kawai ka shige. Ka ga kenan abu ne mai daraja, kuma abu ne mai hatsari in ya faɗa hannun da bai dace ba.

Wani zai ce ai ni ta tes ake turo min, in waya ta ɓata sai in je in yi welkom bak. Allah Ya sa layin da sunanka yake. Tun Disambar 2020 da aka fara maganar haɗa layi da NIN kowa ya ga yadda abin yake, mutane nawa ne suke riƙe da layin da aka yi wa rijista da sunan yaya ko tsohon yaron shago ko wani mai lema a bakin titi da ba a ma san inda yake ba yanzu, ka je ofis a ce sai mai sunan ya zo da kansa. Ga kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani yana iya karɓewa ya sayar wa wani, sai ya zama tes ɗin shiga akawun ɗinka wani bawan Allah ne a wani gari yake karɓa.

Kwanaki wata Hajiya mai sayar da leshi da atamfa a Instagram ta shigo shago da sabuwar waya ko ledar fuskarta ba a ɓare ba, an zare mata tsohuwar a cikin keke ta wajen Terminus. Ta ce, "Ƙanena don Allah ka dawo min da shafina, duk kwastomomina suna can, har da waɗanda suka biya ban tura musu kaya ba." Na ce, "Hajiya, ranar da aka kunna miki tsaron nan ba a nuna miki wasu lambobi guda biyar ba?" Ta ce, "An nuna mana, yarona ma ya ɗauki hotonsu ya ce kar in goge." Na ce to Alhamdulillahi, hoton yana ina? Ta buɗe baki za ta yi magana sai ta tsaya, ta kalli sabuwar wayar, ta kalle ni, ta ce, "Yana cikin waccan." Layin kuma da sunan wani ɗan'uwan mijinta da ya koma Legas. Akwai hanyar da ake ɗaukar bidiyon fuska a tura don a tabbatar kai ne, amma wannan ya fi yi wa wanda yake da hotunansa a shafin, ita kuwa daga sama har ƙasa leshi ne da mayafai, ko yatsanta babu.

Kuma ba ita kaɗai ba ce, kusan kowa haka yake yi. Sikirinshot a galari, ko mutum ya tura wa kansa a WhatsApp, ko ya danna saukewa fayil ɗin ya zauna a Downloads da sunansa ɓaro-ɓaro, na Google ma sunan fayil ɗin da Backup-codes yake farawa sai sunan akawun ɗinka ya biyo, duk wanda ka miƙa wa wayar gyaran sikirin in ya ga dama ya gani. Mafi ban dariya shi ne wanda hoton lambobin Gmail ɗinsa yake cikin Google Photos na wannan Gmail ɗin dai, an gudu ba a tsira ba.

To a nan ne Bitwarden ya shigo. Manhaja ce ta ajiye faswod, wani Ba'amurke Kyle Spearrin ne ya fara ta a 2016, kuma kod ɗinta a buɗe yake kowa zai iya dubawa, suna kuma kawo kamfanonin tsaro na waje su bincika musu. Abin da ya ja ni gare shi tun farko ba wani dogon turanci ba ne, na kyautan ya isa. Ba su ƙayyade maka yawan abin da za ka ajiye ba, ba su ce waya ɗaya kawai ba, ka sa a waya ka sa a laftof ka buɗe a burauza duk abu ɗaya za ka gani. Komai a kan na'urarka ake kulle shi kafin ya tafi wajensu, da babban faswod ɗinka wanda dole ya kai harafi 12, su kansu ba su san shi ba, wanda hakan yana nufin in ka manta shi babu wanda za ka kira ka yi wa magiya, ba irin banki ba ne da za ka je da katin shaida a sake maka.

Ga yadda nake saka lambobin, don a nan ne mutane suke kwafsawa. In ka buɗe abin da ka ajiye na Gmail misali, akwai wajen rubuta bayani a ƙasa, yawanci nan ake liƙa su, ni ba na so, saboda duk lokacin da ka buɗe don kwafar faswod lambobin nan goma suna nan a fili, na kusa da kai a benci ko a masallaci kafin a ta da sallah yana iya leƙowa. Akwai inda ake ƙara fili na musamman, ka zaɓi nau'in Hidden, shi sai ya nuna ɗigo-ɗigo har sai ka taɓa alamar idon. Wannan ya fi. Amma abin da na fi yi shi ne in buɗe Note daban, in sa masa suna kamar "Gmail na shago, ko-ta-kwana", layin farko in rubuta watan da shekarar da na ciro su, sannan in jera su ɗaya a kowane layi yadda Google suke raba su huɗu-huɗu, sai in kunna zaɓin nan da yake sa a sake tambayar babban faswod kafin a buɗe. Ranar da na yi amfani da ɗaya sai in dawo in sa X a gabanta. In suka rage biyu ko uku ba na jira, sai in ciro sababbi in share tsofaffin gaba ɗaya. Kwanan watan nan kar ka raina shi, shi ne zai gaya maka ko waɗanda ke cikin takardarka da na cikin manhaja zubi ɗaya ne.

Abin da ya burge ni sosai, in dai a kulle ka bar shi ba fita ka yi gaba ɗaya ba, ko babu data ko netwok ya yi halinsa zai buɗe maka da yatsa ko fin ka karanta abinka. A Android kuma ba ya bari a ɗauki sikirinshot a cikinsa sai in kai ka je saitin ka yarda, wanda ga mutanenmu masu son ɗaukar hoton komai wannan taimako ne babba. In ka goge abu bisa kuskure yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya tafi.

Inda tauraro ɗaya ya zube kuwa, na farko babu Hausa a ciki, Facebook da Google suna da ita amma shi babu, don haka irin su Hajiya sai an zauna an nuna musu a hankali, kuma kalmomin nasa ba na kowa da kowa ba ne. Na biyu ba a yi wa lambobin ko-ta-kwana wani gurbi nasu na kansu ba, babu inda za ka taɓa ya nuna an yi amfani da wannan, ba zai tuna maka sun kusa ƙarewa ba, duk dabarar da na faɗa a sama kai ne za ka yi da hannunka. Na uku in babu netwok karatu kawai za ka yi, gyara ko ƙara sabon abu sai da intanet, to ka ga mutum ya yi amfani da lamba yana sauri ya ce anjima zan sa alamar, shi kenan an manta. Sannan in ka kwafi lamba tana zama a allon kwafin waya, akwai saitin da zai riƙa share ta bayan 'yan daƙiƙoƙi, ka je ka kunna shi da kanka. Shi kuma zaɓin sake tambayar faswod ɗin nan, su da kansu sun faɗa cewa shinge ne kawai a fuskar manhajar ba wani ƙarin kulle ba ne a kan bayanan, yana hana mai leƙe ne da yaron da ya karɓi waya zai yi gem, kar ka ɗauke shi fiye da haka.

Yanzu ga babbar gardamar, wadda muka sha yi da abokaina masu harkar nan. Suna cewa ai amfanin mataki biyu shi ne abu biyu a wuri biyu, in ka haɗa faswod da lambobin ko-ta-kwana a rumbu ɗaya to duk wanda ya fasa rumbun ya samu duka biyun, mataki biyu ya koma ɗaya. Gaskiya ne, ban musa ba. Kuma ba tatsuniya ba ce, a 2022 an shiga LastPass, wata manhajar irin wannan, har kamfanin ya fito a Disambar shekarar ya ce ɓarayin sun kwashi kwafin rumbunan mutane, a kulle dai suke amma duk mai raunin babban faswod ya shiga uku, don ɓarawo yana da kwafin a hannunsa yana ta gwaji ba mai hana shi. Amma ni abin da nake cewa, a duba wa ake ba shawarar. Mutumin da ke shigowa shagona ba wani ƙwararren ɗan kutse daga Rasha ne yake bin sa ba, abin da zai same shi shi ne a zare waya a keke, ko ta faɗa bokiti, ko a yi mata filashin a wajen gyara komai ya tafi. Irin wannan mutumin in ka ce masa kar ya sa a manhaja, ba wai zai je ya sayi akwatin ƙarfe ba ne, galari zai mayar da su. Don haka na Facebook, Instagram, TikTok, X da sauran tarkace, wallahi a zuba su a Bitwarden, da dogon babban faswod wanda ba sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa ba, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun fi, ko da Hausa ne.

Waɗanda ba na yarda su zauna a ciki su kaɗai su ne na Bitwarden ɗin kansa da na imel ɗin da ka buɗe shi da shi. Shi ma Bitwarden ana kunna masa mataki biyu, kuma ya kamata ka kunna, kyauta ne, in ka kunna yana da tasa lambar ko-ta-kwana guda ɗaya doguwa mai harafi 32, wadda ba a cikin manhajar waya za ka gan ta ba sai ka shiga shafinsu ta burauza ka je saitin tsaro, abin da ya sa da yawa ba su ma san da ita ba. In ka ɗauki wannan lambar ka ajiye a cikin Bitwarden ɗin, daidai yake da ka datse shago da kwaɗo ka bar safayan makullin a cikin durowar shagon. Imel ɗin ma haka, daga 2025 suka fara wani tsari, wanda bai kunna mataki biyu ba in zai shiga daga sabuwar na'ura sai sun tura masa lamba ta imel. To ka lissafa, waya ta tafi, ka sayi sabuwa, Bitwarden ya ce duba imel ɗinka, Gmail ya ce kawo faswod da lamba, su kuma suna cikin Bitwarden. Sai ka zauna kana kallon waya tana kallonka.

Waɗannan a takarda ake rubuta su, da biro, da hannunka. Babban faswod, lambar nan mai 32, adireshin imel ɗin da faswod ɗinsa da lambobinsa goma. Ka duba sau biyu wajen sifili da harafin O, da 1 da harafin l, nan ne ake tafka kuskure. Ka naɗe a leda saboda damina da sanyin garin nan da ke sa takarda laushi, ka sa inda kake ajiye takardun fili da satifiket, in da hali kwafi na biyu a gidan mahaifiya ko wani da ka amince da shi. Kuma don Allah kar ka kawo a firinta maka a shagon kwamfuta, har da nawa. Ba wai zan ci amanarka ba, amma fayil ɗin zai bi ta WhatsApp ɗin shago, ya sauka a kwamfutar da mutum ashirin suke taɓawa a yini, yarana ma suna gaya min "Oga an cika Downloads" sai mun zauna sharewa. Wani ya taɓa miƙo min waya wai in firinta masa har da laminetin, na ba shi biro da fallen takarda na ce zauna a nan ka kwafa, ya ji haushi amma ya kwafa.

Masu harkar kirifto da 'yan mainin, kalmomin walet ɗinku 12 ko 24 ɗin nan ba sa cikin wannan lissafin kwata-kwata, su takarda kawai, don akawun in an sace ana iya bin kamfani, kuɗin walet in ya fita ya fita. WhatsApp kuma ba ya ba da irin waɗannan lambobin, fin ne mai lamba shida kake zaɓa da imel na tunatarwa, shi wannan fin ɗin ka iya ajiye shi a Bitwarden ba laifi.

Maganar na kuɗi. Lokacin da na fara biya dala 10 ne a shekara, kuma da dala ake biya, kun san halin katin naira da sayayyar waje, wani lokaci ya wuce wani lokaci ya ƙi. Don ajiye lambobin ko-ta-kwana kawai ba ka buƙatarsa sam. Abin da yake ƙara maka shi ne liƙa fayil, da fitar da lambobin nan masu canzawa duk daƙiƙa 30 a cikin manhajar kanta, wanda yana da daɗi ƙwarai amma ni a nan nake bin bayan abokan gardamata, faswod da lamba mai canzawa da na ko-ta-kwana duk a wuri ɗaya ya yi yawa, gara mai canzawar ta zauna a wata manhajar daban, su ma Bitwarden ɗin sun fitar da tasu daban ta kyauta a 2024. Abin da ya sa nake biya shi ne Emergency Access. Kana zaɓar mutum ɗaya da ka yarda da shi, matarka ko ƙaninka, shi ko na kyauta yake amfani da shi ya wadatar, ka sa adadin kwanakin jira, in ya nemi shiga za a sanar da kai, in kana raye lafiya sai ka ƙi, in kuma kwanakin suka cika ba ka ce komai ba sai a buɗe masa. Mu da muke da maganar gado da bashi wannan ba ƙaramin abu ba ne, mun ga an yi rasuwa an bar iyali da waya a kulle, shafin kasuwanci yana ta karɓar saƙon masu bin kaya babu mai iya amsawa.

Sauran manhajojin ajiye faswod na gwada su sama-sama. 1Password yana da kyau kuma shi tun farko yake ba ka takardar gaggawa ka adana, amma babu na kyauta na dindindin. KeePassXC a kwamfuta da KeePassDX a Android ba sa kai komai intanet, fayil ne a hannunka, ya dace da wanda ya san abin da yake yi, amma in fayil ɗin yana cikin wayar da aka sace kuma ba ka da kwafi to labari ya ƙare. Na Google da ke cikin Chrome ya fi kowanne sauƙi, sai dai a cikin akawun ɗin Google ɗin yake zaune, lambobin Gmail ba za su yi maka amfani a can ba.

Duk wanda na saita wa ba na barinsa ya tashi sai mun gwada. A wayarsa, ba a kwamfutar shago ba, mu buɗe burauza a yanayin sirri, ya shiga Gmail ɗinsa, in an nemi lamba ya danna gwada wata hanya, ya zaɓi lambar ko-ta-kwana, ya karanto ta farko daga takardar da ya rubuta da hannunsa ya shigar. In ta wuce sai ya ja mata layi a takardar, saura tara, in ta ƙi to yanzu muka gano an yi kuskuren kwafa tun tsohuwar wayar tana hannu. Bayan nan sai mu fitar da kwafin rumbun gaba ɗaya mu sa a filash, a zaɓi nau'in fayil na JSON mai kulle da faswod, ba na CSV ba, don shi CSV duk wanda ya buɗe shi a Excel zai karanta komai tas.